Tsakanin hauya da tsere: ƴan gudun lakkol na Arewa cikin babban hutu

Duk wanda ya taɓa kwana a Dogon Dutsi cikin Disamba ko Janairu, ya kuma yi sammakon fita tasha, mai yiwuwa ne ya gamu da su: samari biyar ko shida, wani zubin har da yarinya ɗaya ko biyu, suna gudu a gefen gudro cikin hazo, wasu da takalmin roba, wasu ƙafa a ƙasa. Ƴan kwaleji ne da ƴan lise masu shirin tseren daji, wanda a lakkol aka fi sani da sunansa na Faransanci, wato kuros. Tsere ne na ƴan kilomitoci, gwargwadon shekarun yaro, da ake yi cikin rairayi da fako, da hawa da gangara, nesa da shararren filin wasa.

Wanda ya koma wannan wuri cikin Agusta kuwa, da wuya ya ga ko ɗaya daga cikinsu. An rufe lakkol, an gama jarrabawar BEPC da ta BAK, mushen motsa jiki ya ɗaure kayansa ya tafi garinsu, yaran kuma sun yi ban kwana da masu masaukinsu sun watse: wannan ya nufi Matankari, wancan Kiyeshe ko Ɗankasari, wasu sun gangara Kore Mai Ruwa, Tibiri, Dumega da Gesheme. Kowa ya ajiye takalmi ya ɗauki hauya. Wata uku cur, daga Yuli zuwa farkon Oktoba, babu mai busa usur, babu mai riƙe agogo, babu mai tambaya ko an fita yau.

Abin da ke biyo baya, malaman motsa jiki sun san shi sarai. Ranar da aka koma, yaron da ya zo na ɗaya cikin Fabrairu sai a gan shi ya dafa gwiwa yana haki tun ba a cika kilomita biyu ba, ƴan gari da suka yi hutunsu suna buga ƙwallo suna wuce shi suna dariya. In mai zuciya ne, ya daure ya sake gini daga tushe. In kuwa mai jin kunya ne, sai ya ce da muguwar rawa gara ƙin tashi, ya bar gudu ke nan. A daidai wannan gaɓa ƙasar nan ke asarar ƴan tserenta, tun kafin wani a Yamai ya ji sunansu.

Hutun da ya faɗo tsakar damina

A Amurka, inda tseren daji na ƴan lise ya zama babban al'amari, ana yin gasa ne daga ƙarshen Agusta zuwa Nuwamba, galibi a kan nisan kilomita 5. Saboda haka masu horo a can suka ɗauki hutun Yuni da Yuli lokacin aza harsashi: yaro ya riƙa tara kilomitoci sannu a hankali, mako bayan mako, har a buɗe lakkol. Kukan da suke yi shi ne na ƙiwuya da mutuwar zuciya, domin yaro ba ya ganin tsere a gabansa, ga zafi, ga daɗin barcin safe.

A Arewa ma akwai ƙiwuya, ba a raba ɗan Adam da ita. Sai dai yaron Arewa ba kwance yake yin hutunsa ba. Tsarin shekarar karatu da aka gada daga Faransa ya sa babban hutu ya faɗo tsakar damina, abin da ya yi wa manomi daidai, tun da yana samun hannuwan ƴaƴansa a lokacin da ya fi bukatarsu. Ruwan da Arewa ke samu na shekara ɗungum yana sauka ne cikin wata huɗu, daga Yuni zuwa Satumba. Daga shibka sai noman farko, daga noman farko sai maimai, ga wake ga gujiya suna jira, kuma wanda ya yi sakaci da mako guda, ciyawa ta cinye masa shekara. To yaron da ya fita gandu tun rana ba ta ɗaga ba, ya dawo bayan azahar baya na ciwo, hannu duk kanta, da wane baki za a ce masa ya tashi ya yi gudu? Ga kuma wata magana da ba a cika faɗi a fili ba: Yuli da Agusta su ne watannin da rumbu ke yin ƙasa, tsohon hatsi ya ƙare, sabo bai nuna ba.

Don haka duk shawarar da aka kwaso daga littattafan Turai, aka ce wa ɗan Bagaji ko ɗan Lugu ya riƙa gudu kullum safe da maraice, shawara ce ta wanda bai taɓa riƙe hauya ba. Kuma ita ce ma ke kashe zuciyar yaran, domin yaro yana ganin in bai iya yin gudun kullum ba, to babu amfanin yin na jefi-jefi. Wannan kuskure ne, kuma masana aikin jiki sun daɗe da nuna haka.

Abin da jiki ke mantawa, da abin da yake riƙewa

A shekarar 1984 wani masani ɗan Amurka, Edward Coyle, da abokan aikinsa suka wallafa sakamakon wani gwaji da har yau ake kafa hujja da shi. Sun sami mutum bakwai da suka yi shekaru suna horon dogon zango, suka sa su daina ɗungurungum har kwana 84, suna auna su lokaci-lokaci. Abin da suke aunawa shi ne yawan iskar da jiki ke iya ɗauka ya yi aiki da ita sa'ad da mutum ke iyakar ƙoƙarinsa, wadda ita ce jarin ɗan tsere. Cikin mako uku na farko jarin ya ragu da kashi 7 cikin 100. Wajen ƙarshen wata na biyu ragin ya kai kashi 16, sannan ya tsaya. Yadda abin ke faruwa shi ne, ruwan jini ke fara raguwa, sai abin da zuciya ke turawa a kowane bugu ya ragu, daga baya tsoka ita ma ta rage ƙwarewarta wajen ƙona abinci. Kwana 84 kuwa, in mai karatu ya lissafa, kusan tsawon babban hutu ke nan.

Labari mai daɗin ji ya fito ne daga wani masanin, Robert Hickson, na jami'ar Ilinoi da ke Shikago. A gwajinsa na 1981 ya sa mutane horo na minti 40 a yini, kwana shida a mako, har mako 10, suka sami ƙarfi. Daga nan ya rage wa wasu zuwa kwana huɗu a mako, wasu kuma kwana biyu kacal, har tsawon mako 15. Da aka auna su, jarin nan na iska bai ragu ba. Daga baya, a 1985, ya gwada rage zafin gudun maimakon yawan kwanakin, sai ya ga a nan ne ake asara. Ma'ana, jiki yana yafe wa mutum ƙarancin fita, amma ba ya yafe masa fitar da babu gumi cikinta.

A kula, mutanen Hickson ba zakaru ba ne, kuma ba su yini suna noma. Fita biyu ko uku a mako ba za ta ƙara wa yaro gudu ba. Aikinta shi ne ta tsare masa abin da ya tara, kamar ɗan kasuwar da ciniki ya tsaya masa da damina amma bai taɓa uwar kuɗi ba. Mako 15 ya fi babban hutu tsawo. Wannan ɗan lissafi ya kamata kowane mushen motsa jiki ya rubuta a allo kafin a rufe lakkol, domin yaron da aka ce masa sau biyu ko uku a mako sun isa, yana ganin abin cikin ikonsa yake.

Akwai masu cewa ai noma ma motsa jiki ne, me ya rage? Da gaskiyarsu, amma rabi. Hauya tana ƙarfafa baya da kafaɗa da damtse, tana koya wa jiki jure zafi da ƙishirwa, shi ya sa ɗan ƙauye ba ya dawowa lakkol da teɓa. Amma mai noma yana tafiya ne taku-taku, yana tsayawa yana miƙewa, zuciyarsa ba ta bugun da take yi cikin tsere, ƙafarsa kuma ta manta buɗe taku. Noma yana rage asarar, ba ya hana ta.

Sai uba ya yarda

Cikin hutu yaro ba na lakkol ba ne, na gandu ne, kuma mai gandu shi ke da magana. A nan ɗan tsere ke da wata matsala da ɗan kokawa ba shi da ita. Arewa ƙasar kokawa ce, jihar Doso kuma ta yi suna a fagen. Tun da aka fara gasar ƙasa a Tawa a 1975, jihar ta fitar da zakaru irin su Salma Ɗan Rani, wanda filin kokawar Doso ke ɗauke da sunansa, da Kadri Abdu da aka fi sani da Isaka Isaka, wanda ya ɗauki takobi sau da dama. Yaron da aka gani yana gwada ƙarfi a dandali, kowa ya san inda ya dosa: akwai makaɗa, akwai kirari, akwai kyauta. Wanda aka gani yana sheƙa gudu da asuba a bayan gari kuwa, tambayar da tsofaffi ke fara yi masa ita ce ko lafiya, me ya koro shi. A ƙauye babba ba ya gudu sai da dalili, ko gobara, ko dabba ta tsinke. Yaro mai shekara goma sha shida da aka yi wa wannan ba'a sau uku a gaban ƴanmata, a rana ta huɗu ba zai fito ba.

Maganin wannan yana hannun manya. In malami ya aika wa uba takarda ko ya kira shi ta salula kafin a watse, ya ce masa ɗansa yana da baiwa, kuma ga abin da ake roƙo, rabin awa bayan sallar asuba sau uku a mako, da wuya dattijo ya ƙi, domin an ba shi girmansa. Kuma akwai hujjar da uba ke ganewa nan take. Motsa jiki yana cikin abubuwan da ake ba maki a BEPC da BAK. Wanda kuma ke neman shiga soja, ko jandarma, ko ɗan sanda, ko gardi, sai ya bi ta gwajin gudu. Samari nawa ne ke zuwa da takardu cikakku, numfashi ya kayar da su? Uban da ya ji haka ya san gudun nan ba shiririta ba ne.

In an sami yardar uba, sauran dabara ce. Gonar da ke nesa da gari, yaro na iya tafiya da gudu, ƙane ya biyo shi da hauya da gora a kan amalanke. Aiken da za a yi ƙauyen gaba, shi ma hanya ce. Ranar da gari ke hutun gona, Juma'a ce ko ranar kasuwa, ita ce ta doguwar fita. Haile Gebrselassie na Habasha, wanda ya ci zinariyar mita 10.000 a wasannin Olimfik na 1996 da 2000, ɗan manomi ne da ya tashi yana gudun kilomita 10 zuwa lakkol kowace safiya, littattafai a hammata, har hannunsa na hagu ya saba da lanƙwasa. Tsakanin Dogon Dutsi da Matankari wajen kilomita 15 ne. Ba a ce yaro ya gudu shi duka ba, amma rabin wannan ya isa doguwar fitar ɗan lise.

Ba a gudu a kaɗaice

Duk da haka, abin da ya fi kashe gudu cikin hutu shi ne kaɗaici. A lakkol yaro yana fita ne domin an san da shi: malami na jira, abokai na jira, in bai zo ba za a tambaya. A ƙauye in ya kwanta babu wanda ya sani, in ya fita ma babu wanda ya sani. Ƙarfin zuciya abu ne mai ƙarewa, musamman da asubar da aka kwana ana ruwa.

Ƙasashen da suka yi fice a wannan fage sun gane haka tuntuni. A garin Iten na Kenya akwai wata lise mai suna Saint Patrick, inda wani malami ɗan ƙasar Ailan, Colm O'Connell, ya sauka a 1976 domin koyar da labarin ƙasa, bai san komai game da horon tsere ba. A 1989 ya fara tara ƴan lakkol maza da mata cikin hutu, su kwana wuri ɗaya, su ci tare, su yi gudu tare. Ta hannunsa David Rudisha ya bi, wanda ya kafa bajintar duniya ta mita 800 a London a 2012. A Bekoji ta Habasha kuma, wani malamin motsa jiki, Sentayehu Eshetu, ya yi shekaru yana tara yaran gari da sassafe. Daga wannan ƙaramin gari Derartu Tulu ta fito, wadda ta ci zinariyar mita 10.000 a Barselona a 1992, da Tirunesh Dibaba, da Kenenisa Bekele, wanda ya ci gasar tseren daji ta duniya ta manya sau 11 tsakanin 2002 da 2008.

Kada a ruɗi kowa: Iten tana kan tudu mai tsawon mita 2.400, Bekoji ta ma fi haka, kuma zama a irin wannan tudu yana ƙara wa jini ƙarfin ɗaukar iska. Dogon Dutsi, duk da sunanta, ba ta kai mita 300 bisa teku ba. Wannan ba a sayensa a kasuwa. Abin da ake iya ara daga gare su shi ne al'adar haɗuwa a wuri ɗaya, a lokaci ɗaya, ko malami na nan ko ba ya nan.

Kuma Arewa ba baƙuwar wannan ba ce. Mutanen da suka san gayya, suka yi zamanin samariya, yau kuma kowace unguwa da fadarta ta masu shayi, ba sai an koya masu amfanin taro ba. Abin da ya rage shi ne malami, kafin a watse, ya raba yaransa gwargwadon garuruwansu, ya haɗa na gari ɗaya ko na maƙwabtan ƙauyuka, ya naɗa masu babba. Uku sun fi biyu, domin mutum biyu suna iya haɗa baki su koma barci, amma cikin uku ba a rasa mai tona asiri. Wanda ya zama shi kaɗai ne a garinsu, ya ja ƙanensa ko wani ɗan ƙwallo. Mai salula ya yi wa ɗan'uwansa ɗan kira ya katse da asuba, alamar na tashi. Sannan kowa ya riƙe ƙaramin kaye, ya rubuta rana, da minti nawa ya yi, da yadda ya ji jikinsa. Kayen nan yana da wani sirri: yaron da ya ga layi goma sha biyu a jere, ba ya son ya bar gurbi a na goma sha uku.

Filin da damina ta shimfiɗa

Wani abin da ba a cika lura da shi ba shi ne, damina ta fi kowane lokaci daɗin gudu a Arewa. Zafin Afrilu da Mayu ya wuce, ƙurar hunturu da ke shaƙe ƙirji ba ta zo ba. Rairayin Dallol Mawri, wanda ƙafa ke nutsewa cikinsa da rani, in ruwa ya dake shi sai ya kwanta ya yi tauri daidai, ba ya cin gwiwa kamar gudro. A gefen kwarin ga duwatsu da tuddai, irin waɗanda suka ba Dogon Dutsi sunanta. Herb Elliott na Ostareliya, wanda ya ci mita 1.500 a Roma a 1960, a kan tudun rairayi na bakin teku mai horonsa ya gina shi. A wasannin nan ne kuma Abebe Bikila ya ci gudun fanfalaƙi ba takalmi. Abin da wasu ke biyan kuɗin mota su je nema, ga shi a bayan gida.

Fita ukun da ake magana, kowace da aikinta. Ta farko doguwa ce, minti 40 zuwa awa guda, a hankali, yadda mutum zai iya hira da na kusa da shi ba tare da numfashi ya sarƙe ba. Ta biyu ita ce mai gumi, kuma ba ta bukatar agogo: bayan an ɗumama jiki, a zaɓi itace a gaba a kai masa da ƙarfi, a sassauta zuwa na gaba, a sake, kamar sau takwas ko goma. Gawo ya dace da wannan aiki, tun da shi ne itacen da ke kaɗe ganyensa da damina, ana hango shi tsirara daga nesa cikin kore. Ta ukun ta hawa ce, a sami gangare a hau da gudu a sauko da tafiya. Makon da maimai ya matsa, a bar ta ukun, a riƙe biyu.

Sai a kiyaye gonar mutane, domin ɗan tseren da ya tattake shibkar maƙwabci ya ja wa gudu baƙin jini a gari har shekara ta zagayo. Burtali da hanyar amalanke sun isa. A jira gari ya waye sosai saboda maciji da kunama. Wanda ya bi babbar hanya ta ɗaya domin ya auna kansa da duwatsun kilomita, ya fuskanci motoci, kada ya ba su baya. A garuruwan da sha'anin tsaro ya taɓa cikin shekarun nan kuwa, babu zancen nisa da gari: a zagaya filin lakkol ko bayan gidaje, cikin sanin mai gari.

Masassara, abinci, da ƴanmata

Agusta da Satumba watannin sauro ne. Masassarar cizon sauro tana fasa ƙwayoyin jini, su ne kuwa ke ɗaukar iskar da ɗan tsere ke taƙama da ita. Yaron da jikinsa ya yi zafi ba shi da abin yi a hanya, likita ya kamata ya nufa a auna shi. Ko bayan ya gama shan magani, ya ba jikinsa kwanaki, ya fara da tafiya kafin sassarfa. Sange da ake ratayawa kowane dare ya fi takalmi mai tsada amfani ga ɗan tsere a wannan lokaci.

Batun abinci kuma sai a faɗi gaskiya. Fura da nono, wake, zogale, ƙuli-ƙuli, duk abincin ɗan tsere ne na ƙwarai in an same su, kuma ya fi kyau a ci wani abu da an dawo. Amma gidan da aka koma ɗora tukunya sau ɗaya a yini, yaron gidan ya rage gudu, ya tsaya ga gajerun fita biyu, kuma babu abin kunya ciki. Malamin da ya tsawata wa irin wannan yaro a Oktoba bai san aikinsa ba.

Ƴanmata su ne hutu ya fi cinyewa. Ban da gona, ga daka, ga ɗiban ruwa, ga itace, ga bakin mutane. Kuma cikin hutu ne ake yanke maganar aure: binciken ƙasa na 2012 ya nuna kusan uku cikin huɗu na matan Nijar ana aurar da su kafin su cika shekara 18. Yarinya ba za ta fita ita kaɗai da asuba ba, kuma babu mai hankalin da zai ce ta yi. Amma ƴanmata uku a filin lakkol na gari, da suturarsu, da sanin iyayensu mata, wani wa ko wata malama na zaune a gefe, wannan mai yiwuwa ne. A 1996 Rashida Mahaman ta tsaya wa Nijar a tseren mita 5.000 a Atlanta tana da shekara 14, shekarun ƴar aji uku na kwaleji.

Abin da ke hannun ƴan kasuwa da ma'aikata

Lambobin Olimfik biyu Nijar ke da su: tagullar Isaka Dabore a dambe a Munik a 1972, da azurfar Abdul Razak Isufu Alfaga a tekwando a Riyo a 2016. A gudu babu ko ɗaya, duk da cewa ƙasar ta yi mazaje irin su Abdu Manzo, wanda ya yi gudun fanfalaƙi a Seul a 1988, da Barselona a 1992, da Atlanta a 1996. An buɗe babban filin wasa na Seyni Kunce a 1989, Yamai ta karɓi wasannin ƙasashe masu magana da Faransanci a 2005. Amma fili, komai kyansa, ba ya haifar ɗan tsere. Daga ƙauye ake kawo shi, in bai ɓace a hanya ba.

Yaro yana gudu ne in ya ga abin da yake gudu dominsa. Daga Yuli, tseren lakkol na gaba yana can bayan wata biyar ko shida, nisan da zuciyar ɗan shekara goma sha biyar ba ta hangowa. Abin da ke gyara wannan shi ne tsere a tsakiyar hutu. Ranar 3 ga Agusta, wadda Nijar ta sami mulkin kai a cikinta a 1960, kuma ake dashen itatuwa, ta faɗo daidai wurin, lokacin da ma'aikata ƴan asalin gari da dama ke gida hutu. Tseren kilomita 3 na ƙanana da ƴanmata, da na kilomita 5 na manya, da ƙarfe bakwai na safe, ba ya bukatar fiye da izinin magajin gari da mai gari, da farar ƙasa ta shata layi, da tulun ruwa, da ma'aikacin likita ɗaya a kusa. Kuɗin da za a kashe bai kai na ragon suna ba.

Kyautar ma a yi mata tunani. Kofi na ƙarfe yana ƙarewa a kan kabad yana tara ƙura. Kaye da bik da takalmi suna rage wa uba nauyin komawa lakkol. Amma babu kyautar da ta kai tiya goma ta hatsi cikin Agusta. Yaron da ya shigo gida da ita a kai, a watan da uwa ke kankare gindin rumbu, ya gama amsa tambayar me ya koro shi, kuma daga ranar uban ne da kansa zai riƙa tashinsa da asuba. Ɗan kasuwar hatsi da ya ba da buhu ɗaya ya raba wa mutum huɗu, sunansa zai daɗe a bakin gari fiye da abin da ya kashe. In an ƙara wani tseren a ƙarshen Satumba, hutun ya rabu gida uku ke nan, babu ɓangaren da ya wuce mako bakwai ko takwas ba tare da wani abin sa rai ba.

Zuwa lokacin hatsi ya nuna, ana gasa tumu a bakin gona, ƙarangiya ta fara kama ƙafar wando, yara suna ɗaure tabarmi da ƴan kwanoni za su koma wurin masu masauki. Aikin farko na mushe shi ne ya karɓi kayen nan ya karanta su ɗaya bayan ɗaya a gaban masu su, har da na wanda ya rubuta layi huɗu kawai ya tsaya saboda masassara. Mako biyu na farko a yi su a hankali, kowa cikin taro, ba na ɗaya ba na ƙarshe. Sai a mako na uku a fito da agogo.